Uwar Saurayina a Cikin Ɗalibaina

Jama'a, yau kam ku bar ni in amayar da abin da ke cina, don in na ci gaba da haɗiye shi, zuciyata ce za ta fashe. Masu cewa na yi shiru kwana biyu, ba jin daɗi ne ya sa ni shirun ba. Duk wadda ta taɓa tsayawa a kan uwar saurayinta ta ce mata "ba haka ake yi ba," ta ɗaga hannu in gan ta. Babu ko? To ku gyara zama.

Ga waɗanda ba su san ni ba, a famasin wani asibiti nake aiki, wato ɗakin ba da magani. Akwai Oga a samana, shi ne ainihin mai harhaɗa magunguna. Amma duk ɗaliban da makaranta ta turo su koyi aiki a hannu, ni ake jibga wa. Ni nake koya musu karanta rubutun likita mai kama da tonon kaza, da jera magani a kanta yadda wanda zai riga lalacewa zai zauna a gaba, da duba sanyin firij safe da yamma, da yadda ake yi wa majinyaci bayani har sai ya maimaita da bakinsa. "Malama" suke ce min, kuma an san ni da tsanani. Ba na wasa da tagar miƙa magani.

Shi kuwa mutumin nawa, "Ciwon Kai" na sa masa a waya. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi. Ranar da ya zo gyara ta famasinmu ya roƙi maganin ciwon kai, na ce ya kawo takardar likita. Ya yi dariya ya tafi, washegari sai ga shi da takardar. Daga nan aka fara. Maganarmu ta yi nisa, har manyansa sun ce ƙarshen wata za su zo gidanmu.

Mahaifiyarsa, Mama, sau ɗaya na taɓa ganinta. Na zauna a bakin kafet kaina a ƙasa, ko lemon da ta ajiye min ban iya sha ba. Na san tana da ɗan shagon magani da marigayi mijinta ya bar mata. Abin da ban sani ba shi ne an ce mata ko ta kawo shaidar karatu ko a rufe shagon, ita kuma ta daure ta koma makaranta da furfurarta.

Ranar Litinin na shigo cikin doguwar rigata ruwan toka, na ɗora farar rigar aiki da na sha wahalar gogewa, ina ta ƙamshi abina. Oga ya turo ƙofa, 'yan mata na biye da shi suna rarraba ido.

"Malama, ga sababbin 'yan hannunki."

Na ɗago da fuskar nan tawa ta ranar farko, wadda ba dariya a cikinta. Sai idona ya sauka a kan ta ƙarshensu. Dattijuwa, farar riga har gwiwa a kan doguwar riga ruwan ƙasa, ta cusa bakin mayafinta cikin wuyan rigar, ta rungume jaka a ƙirji.

Wallahi ban san lokacin da gwiwata ta kusa taɓa ƙasa ba.

"Ina kwana, Mama."

"Lafiya lau, Malama," ta ce, ko gezau.

Oga ya dube ni ta saman gilashinsa, ya dube ta, ya fita. Ni kuwa na faɗa sito na jawo waya na rubuta wa Ciwon Kai.

"Ka san wurinmu za a turo Mama?"

"Na sani," ya rubuto, har da 'yar fuskar dariya.

"Shi ne ka yi shiru?"

"Mamaki na so in ba ki. Ai gara hannunki da na bare. Ki kular min da ita."

Mamaki! Ku ji fa. Namiji dai namiji ne.

Darasin farko ƙirgen ƙwaya ne. Na ɗauko farantin ƙirge da 'yar wuƙarsa, na nuna musu yadda ake zubawa, a ja, a tura cikin leda ba tare da hannu ya taɓa ba. 'Yan matan suka yi ta fama, ƙwaya na tsalle tana gangarawa. Da na juya wajen Mama, sai na tarar ta zazzage ƙwayoyin a tafin hannunta tana turawa da ɗan yatsa, da sauri kamar mai tsince shinkafa.

Da wata ce da tuni na ce ta zubar ta je ta wanke hannu. Sai na ji bakina yana cewa, "Mama, ko za a gwada da farantin?"

"Bar shi kawai, hannuna ya fi shi sauri. Tun ba a haife ku ba nake wannan."

'Yan matan suka ƙunshe dariya. Akwai wata doguwa a cikinsu mai bakin tsiya, Doguwa muke ce mata. Ta ce, "Malama, mu ma mu yi da hannun?"

"Ke ki yi da faranti!" Na daka mata tsawar da ba tata ba ce.

Haka aka fara, haka kuma aka ci gaba. In na ce a tambayi majinyaci sunansa da shekarunsa kafin a miƙa, Mama sai ta tambaye shi yaransa da mai jiki. In likita ya rubuta abu, sai ta leƙa taga ta ce wa mutum, "Kai, wannan ai da ka haɗa da wancan ya fi yi maka aiki." Majinyata kuwa sun so ta kamar me. Layi ya koma tagarta, kowa "Mama, Mama." In kaya suka iso na ce a duba ranar lalacewa kafin a jera, sai ta ce bayanta na ciwo, 'yan mata su duba, ita za ta jera. Ta jera kuwa tsaf, launi da launi, ja wajen ja, shuɗi wajen shuɗi, kamar mai shirya kwanukan ɗaki. Ni ce zan zauna bayan an tashi in warware in sake jerawa bisa suna.

Kuma fa ba mugunta take yi ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Kullum sai ta zo da fulas ɗin shayi ta zuba min a kofi ta ajiye kusa da hannuna. "Sha, Malama, kin rame." Yaya za ka yi faɗa da wanda ya zuba maka shayi?

A gida ma ba sauƙi. Ina dawowa da yamma, ko mayafi ban cire ba, Umma za ta tare ni daga kan kujerarta, tana ninke wanki.

"Ya surukar tawa? Kina dai gaishe ta da kyau ko?"

"Umma, wurin aiki ne fa."

"Wurin aikin ya hana tarbiyya? Na san halinki da bakin nan kamar reza. Wallahi kika kunyata ni a gaban matar nan, ni da ke ne. Ki ɗauke mata aiki, ki ba ta kujera."

"Ba hutu ta zo yi ba, koyo ta zo. Ni zan ce ta iya ko ba ta iya ba."

"To ki ce ta iya mana! Bakinki zai yi ciwo ne?"

Yayata, wadda ta zo wuni da 'yarta a cinya, ta kwashe da dariya har da hawaye. "Ke dai kin shiga uku. Ki kayar da ita a jarrabawa, ta kayar da ke a gidan miji."

Kowa dariya abin yake ba shi. Ni kaɗai ce ba na dariya.

Oga ne ya fara yi min magana. Ya kira ni ofishinsa, ya cire gilashi ya ajiye a kan tebur, alamar ba wasa.

"Malama, dattijuwar nan 'yar'uwarki ce?"

"Kusan haka ne, Oga."

"Ban tambaye ki don in ji sirrinki ba. Amma na ga kina bin bayanta kina gyara. Ranar da ba kya nan, wa zai gyara? Dokar ɗakin nan ɗaya ce, ɗalibi ba ya miƙa magani sai an sake dubawa. Ko uwata ce."

Na ce to. Na fito na samu Mama tana goge kanta, na tattaro duk ƙarfin halina na ce, "Mama, don Allah duk abin da kika haɗa, a riƙa nuna min kafin a miƙa."

"To, Malama," ta ce. Ta yi kwana biyu tana nunawa.

Sai ranar Alhamis, ranar masu hawan jini da ciwon suga. Duk wanda ya san asibiti ya san ranar nan. Layi har bakin baranda, tsofaffi a kan benci suna fifita da katinsu, na'urar sanyin ɗakin ta zaɓi ranar ta mutu, Oga yana wajen taro. Ga waya daga ɗakin da ake kwantar da majinyata ana neman allura da gaggawa. Na ce wa ɗalibai kowa ya haɗa ya ajiye, kada a miƙa, yanzu zan fito. Na shiga ciki na buɗe firij.

Da na fito, sai na ga takardar wani tsoho a soke cikin waɗanda aka gama. Maganin hawan jini aka rubuta masa. Kusa da ita ga kwali a buɗe, fari mai ratsin shuɗi. Kwalaye biyu muke da su masu wannan kamar, kamfani ɗaya ne ya yi su. Ɗaya na hawan jini, ɗaya na saukar da suga. Na juya kwalin. Na suga ne.

"Wa ya ba da wannan?"

Doguwa ta saci kallon Mama.

"Ni ce," Mama ta ce. "Bawan Allah ya gaji da tsayuwa, ƙafarsa na rawa, na ce..."

Ban tsaya jin ƙarshen ba. Na banke ƙofa na fita da gudu, farar riga na tashi a bayana, takalmina ɗaya ya fice a kan matakala ban waiwaye shi ba. Ina ta kiran sunan da ke kan takardar kamar mahaukaciya, mutane na darewa. A bakin get na same shi, yana ƙoƙarin hawa mota, ledar a hannunsa.

"Baba! Baba, tsaya! Ka sha?"

"A'a 'yata, sai na je gida na ci abinci. Lafiya?"

Na karɓe ledar da hannu biyu. Mutumin da ba shi da ciwon suga, ga tsufa, kuma da bakinsa ya ce min shi kaɗai yake zaune. Da ya je ya yi ta sha safe da yamma, suga ya faɗi yana shi kaɗai a ɗaki, wa zai sani? Na riƙo shi muka dawo, na ba shi nasa na gaskiya, na ba shi haƙuri, ya tafi yana sa min albarka bai ma san me ya tsallake ba.

Sannan na juya. Jama'a, ban san wace ce ta yi magana da bakina ba.

"Wa ya ba ki izinin miƙawa? Ban ce a ajiye ba? Nan ba shagonki ba ne! Rai ne fa, ran mutum! In ba za ki bi doka ba, ki bar min tagata!"

Har na kan benci sun daina fifita. Mama ta tsaya tana kallona. A hankali ta ɓalle maɓallan farar rigarta, ta ninke ta, ta sa a jaka, ta gyara mayafi, ta fita. Ko fulas ɗinta ba ta ɗauka ba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Wata maƙwabciyarmu tana cikin layin, kun san sauran. Umma na tsaye a tsakar falo, hannu a ƙugu.

"Sa'ar uwarki kika yi wa tsawa a bainar jama'a? Uwar mijin da za ki aura?"

"Umma, mutum ta kusa kashewa."

"Ya mutu?"

"Bai mutu ba, amma..."

"To ba sai ki ja ta gefe ba? Wace irin zuciya ce da ke? Gobe ki je ki durƙusa ki ba ta haƙuri, ko kuma ki nemi wata uwar."

Na shige ɗaki na zauna a bakin gado, ƙafata ɗaya duk ƙura. Waya ta yi ƙara. Ciwon Kai.

"Mama ta dawo ta rufe ɗaki. Ta ƙi cin abinci, ta ƙi magana. Me ya faru?"

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Me zan ce? Uwarka ta kusa aika wani lahira? Kafin in gama shawara wani saƙon ya shigo.

"An ce min tsawa kika yi mata. Na ce ƙarya ne, ba halinki ba ne. Ki ce min ƙarya ne."

Na kife wayar a kan filo. Ya kira, ya sake kira, ban ɗaga ba. Haushinsa nake ji, haushin Umma, haushin Mama, haushin kamfanin da ya rasa launin da zai sa wa kwali sai iri ɗaya, har da haushin tsohon da ƙafarsa ta yi rawa.

Washegari na riga kowa zuwa, don in duba firij kafin hayaniya. Oga ya riga ya turo saƙo: "In kin iso ki same ni. Ke za ki faɗa min ko ta ci gaba ko a mayar wa makarantarsu ita." Mayarwa kuwa na nufin babu shaida, babu shago.

Ina sa makulli na ji motsi a bayana. Mama ce zaune a kan bencin majinyata, ba farar riga, idanunta sun kumbura.

Na rusuna. "Mama, ina kwana. Jiya..."

"Buɗe mu shiga ciki."

Ta wuce ni kai tsaye zuwa sito, ta ce in turo ƙofa. Ta miƙa hannu kan kanta ta ɗauko wani kwali, ta kai shi dab da hancinta, ta nisanta shi, ta karkata kai gefe kamar mai leƙen ramin makulli. Sannan ta miƙo min.

"Karanta min abin da ke jiki."

Na karanta.

"To ni ban gan shi ba," ta ce. "Launin nake gani. Rubutun kamar hayaƙi."

"Tun yaushe, Mama?"

"Ya fi shekara. A makaranta gaba nake zama, jikata take karanta min littafi a gida in haddace, takardar jarrabawa kuwa in manna ta a fuska. Amma abin gaba yake yi. Takardar likita 'yan matan nan nake sa wa su karanta, in ce gwada su nake yi. A shagona kuwa ko da ido rufe na san mazaunin kowane magani, ni na jera abina. Nan ne kika yi ta canza musu wuri."

"Kin je an duba?"

"In je a ce me? A ce makancewa zan yi?" Muryarta ta karye. "Yaron nan in ya ji, ranar zai sa wa shagon kwaɗo ya zaunar da ni a ɗaki kamar kayan wanki. Shagon nan da shi na raini 'ya'yana, da shi na yi musu karatu. Kujerar babansu tana nan inda ya bar ta. In aka raba ni da shi, me ya rage min?"

Ta kamo hannuna. Tafinta da zafi.

"Tsawar da kika yi min ban riƙe ki ba, gaskiyarki ce. Jiya ban runtsa ba, fuskar tsohon nan nake gani. Amma ki rufa min asiri, 'yata. Ki ce wa ogan naku ganganci ne, na tuba. Wata ɗaya ya rage in gama. Kada ɗana ya ji."

'Yata. Ranar ce ta fara kirana haka, kuma ranar ce na fi so a ce ba ta kira ba. Na tuna layin da ke tsayawa a shagonta kullum, mata da jarirai a kafaɗa, ita kuma tana miƙa magani da launi.

"Mama," na ce, "ba zan ce ganganci ba ne. Kuma ba za ki sake tsayawa a taga ba, nan ko a shago, sai likitan ido ya gan ki. Yana nan sama, yau yana zama. Ni zan raka ki da ƙafata. Wataƙila abin gilashi ne, wataƙila ɗan aiki ne a wanke. Zan roƙi Oga ya ɗaga miki lokaci, kada ya mayar da ke."

Ta saki hannuna a hankali. "In kuma likitan ya ce babu gyara?"

Na juya kwalin a hannuna. Ta gyaɗa kai kamar wadda ta amsa wa kanta.

"To ki ji. In maganar nan ta fita daga bakinki ta isa kunnen ɗana, ni da ke..."

Aka ƙwanƙwasa ƙofar siton.

"Malama?" Muryar Oga ce. "Kina ciki? Ga wani tun ɗazu yake jiranki."

Mama ta goge ido da bakin mayafi da sauri. Na murɗa hannun ƙofar.

Oga ne a gaba. A bayansa kuwa Ciwon Kai, cikin kayan aikinsa masu shuɗi, jakar kayan gyara a kafaɗa. Ashe shi aka kira ya duba na'urar da ta mutu jiya, wadda ke manne a bangon siton nan, bangon da bai kai rufi ba. Ban san tun yaushe yake tsaye a wurin ba. Babu murmushin nan nasa. Ya dubi idon uwarsa da ya kumbura, ya dubi kwalin da ke hannuna, ya sauke jakar ƙasa a hankali.

"Mene ne kada in ji?" ya ce.

Ta bayana, inda ba mai gani, na ji yatsun Mama sun damƙe min tsintsiyar hannu, har farcenta na shiga fatata. Shi kuwa ba ita yake kallo ba. Ni yake kallo.